Kayan Rumfar Gahawa da Munka Ci Gado

Zuwa ga Yayana Lawali,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin wadda ƙane ke yi wa wansa, da fatan Allah ya sa kana cikin sauƙi inda kake. Ni ne ƙanenka Sani. Daga Gusau nake rubuto maka, ba daga Bilbis ba. Na san za ka yi mamaki, don ka bar ni ban taɓa wuce Tsafe ba.

Ka yi haƙuri da rubutun, ka san inda karatuna ya tsaya. Abokinka Bulus ne ya ba ni biro da takarda, ya ce in rubuta yadda nake magana, in na gama a manna a ƙofar Rumfar Gahawa ta makarantarku ɗalibai su karanta. Na ce mashi ni da kai nake son magana. Ya ce to in yi da kai, su sai su ji. Don haka duk wanda ya tsaya yana karantawa ya yi haƙuri, maganar gida ce.

Dalilin takardar nan, kayan da ka zo da su gida ne.

Lokacin da malamanku sunka tafi yajin aiki anka rufe makaranta, ka sauka bakin titi daga a-kori-kura, ni na taya ka kwaso kayan zuwa ɗakinka. Babbar buta wadda sai da hannu biyu ake ɗaga ta, da risho, da kwali cike da kofuna, da kalangu, da lasifika da na'urarta, da wata aba mai dogon wuya da tsirkiya, ka ce jita sunanta. Na tambaye ka ko sana'a za ka fara. Ka yi dariya ka ce, "Kai dai sa su can lungu, kada a taɓa." Iyakar abin da ka faɗa ke nan. Kai ba mai yawan magana ba ne, mu ma ba mu ƙara tambaya ba.

Sai bazara ta yi zafi, sanƙarau ya shigo gari. Ranar kasuwa ka ce wuyanka na ciwo, kafin wata kasuwar ta zagayo mun kai ka makwanci.

Bayan arba'in Liman ya zo rabon gado. Ba ka da mata, ba ka da ɗiya, magadanka Inna ce da ni da 'yar'uwarmu Dije. Anka fito da duk abin da ke ɗakinka anka jera kan tabarma. Liman ya tambaya ko akwai wanda ya san kana riƙe da kayan wani. Ba wanda ya sani. Inna ta samu kofuna. Dije ta koma gidan mijinta Ruwan Bore da risho da kalangu. Ni anka ba ni buta da jita da wani mabuɗi da anka samu a aljihun rigarka. Lasifika kuwa munka haɗa baki munka ba masallaci sadaka, don Allah ya kai maka lada.

Duk daminar nan da ita ladani ke kiran salla, da batirin mota, har mutanen ruga suna ji. In Inna ta ji kiran asuba sai ta ce, "Ga Lawali can yana tashe mu."

Bayan kaka anka buɗe makaranta. Sai ga baƙo ya yi sallama, dogo, ɗan Zuru, ya ce sunanshi Bulus, ɗakinku ɗaya. Bai ji rasuwar ba sai da ya dawo. Ya durƙusa gaban Inna ya yi mata gaisuwa yana share ido. Inna ta kawo mashi ruwa cikin ɗaya daga kofunan. Na ga ya riƙe kofin yana juya shi, bai sha ba. Na ga ya kalli butar tana bakin rijiya, muna zuba ruwan alwala ciki.

Sai da na yi mashi rakiya har bakin titi, muna jiran mota, na matsa mashi, sannan ya faɗa yana kallon ƙasa. Ya ce kayan ba naka ba ne. Na wata rumfa ce ta ɗalibai inda ake shan shayi ana kiɗa, kai ke riƙe da mabuɗinta, ka kwaso su ne don kada ɓarayi su fasa ɗakin lokacin da ba kowa. Ya ce, "Amma don Allah kada Inna ta ji. A bar su, an yafe." Na ce wa da wa sunka yafe? Ya ce shi dai ya yafe.

Ban iya riƙe maganar ba, Yaya. Na tafi wajen Liman. Ya riƙe gemunshi ya ce, "Amana ce. Abin da ba na mamaci ba bai zama gado, bai zama sadaka. Sai an mai da wa mai shi, mai shi ya ce ya karɓa. In ba haka ba tana nan rataye a wuyan Lawali." Shi da kanshi ya sa anka kawo tsani anka sauko da lasifika. Dattawa na gunaguni, ya ce masu ai tun ba a ƙera lasifika ba ake salla a garin nan.

Inna ba ta yi kuka gabana ba. Ta zauna ta wanke kofunan da toka ɗaya bayan ɗaya, har da mai tsagin bakin nan da take shan kunu da shi tana cewa naka ne. Ta ɗaure su cikin tsohon zanenta. Ta ce, "Je ka sauke mashi. Kada ka dawo mani sai an karɓa."

Na je Ruwan Bore. Dije ta ba ni risho, amma kalangu yaranta sun fasa mashi baki ɗaya. Tana ta rantsuwa ba ta sani ba, kamar ni zan kai ta ƙara. Na kai shi Tsafe ranar kasuwa wani tsoho ya sa sabuwar fata. Daga nan na hau motar Gusau da kayan duka.

Gusau ta ruɗa ni. 'Yan kabu-kabu na wucewa ta gabanka ta bayanka, motoci sun yi layi a gidan mai har ba ka ganin ƙarshensu, kowa maganarshi ɗaya, wai soja za su sauka su ba farar hula. Ni dai buta ce a kaina, jita a bayana, yara na bi na suna cewa in yi masu waƙa. Bulus ya tarbe ni, ya ba ni gefen ɗakin da kake kwana. Da safe in tafi kasuwa dako in samu na tuwo, da rana in dawo neman mai kaya.

Ranar farko ya kai ni Rumfar. Na zaci rumfa ce ta kara irin tamu. Ashe ɗaki ne na bulo a bayan tsohon kicin, da 'yar baranda, da iccen dogon yaro a gabanshi. Na ciro mabuɗinka na sa, bai shiga ba. Sabon kwado ne. Na leƙa ta taga, buhunan siminti ne da karyayyun kujeru har kusa da rufi. A bango akwai baƙin hayaƙi wuri ɗaya, Bulus ya ce nan risho ke zama.

Maigadi, wani dattijo mai kirki, ya ce lokacin da makaranta ke rufe manya sun zagaya, sunka tarar da ɗakin wayam, sunka ce ashe ba a amfani da shi. Ban faɗa maka wannan don in ɗora maka laifi ba. Ka kwashe kayan ne don ka tsare su. Amma ya kamata ka sani, kuma ba wanda zai gaya maka in ba ni ba.

Na tambayi Bulus, to wa ke da kayan? Ya ce ɗalibai. Na ce wanne cikinsu? Ya ce duka. Waɗanda kunka yi aikin tare an yi masu jarabawa da gaggawa sun watse, shi kaɗai ya rage, shi ma bai daɗe. Ƙungiyar ɗalibai an rushe ta. Munka je wani ofis, mutumin ciki ya ce kayan nan ba su cikin kayan makaranta, amma in na gaji da su in jingine can bayan ƙofa. Ban jingine ba. Ba cewa anka yi in jingine ba.

Har bakin ƙofar makaranta na tsaya ina tambayar masu wucewa. Wani ya ce, "Malam, jitar nawa?" Wata ta ce da ƙawarta, "Ga mai shayi ya ɓata hanya." Ban ji haushi ba. Sababbi ne, ba su taɓa ganin ɗakin a buɗe ba.

Sai na yi tunani irin namu. Na ce komai yana da wanda ya fara kawo shi. In na samu wanda ya kawo buta, na samu mai buta. Bulus ya tambaya wajen tsofaffin ma'aikata, anka ce akwai wani Malam Garba, yana koyarwa a firamare a Bungudu, shi ne na farko.

Na tarar da shi ƙofar gida yana gyaran keke. Yana ganin butar ya ajiye sifana, ya shafa wata lotsawa da ke gefenta, ya ce, "Wannan ni na yi ta, da gwiwa." Ya sa anka kawo mani abinci, sannan ya ba ni labari. Zan faɗa maka yadda na ji, ko da ka san shi, don masu karantawa ba su sani ba.

Ya ce da can makaranta ke dafa wa ɗalibai abinci. Sai anka daina. Ɗan talaka ya shiga aji da yunwa ya fito da yunwa. Ɗakin ajiyar kicin ya zama kango. Shi da abokanshi biyu sunka roƙa anka bar masu, ya je gida ya ɗauko butar da uwarshi ke dafa shayin suna da ita. Kowa ya kawo abin da yake da shi, wannan sukari, wancan ganye, mai burodi ya gutsura wa maras shi. Daga baya wani ɗalibi ɗan Barno ya zo da gahawa, yana dafa ta da citta da kanumfari. Ya ce ranar farko duk wanda ya kurɓa sai ya tofar, amma sunan ya bi ɗakin, ko da yake shayi anka fi sha.

Kiɗa kuwa ba shirya shi anka yi ba. Ya ce wani makon jarabawa kowa ya yi jugum, sai wani Bafillace ya ciro sarewa daga aljihu ya busa. Ba wanda ya tashi har magariba. Daga nan anka sa Alhamis, bayan la'asar zuwa kiran magariba. Sunka kafa doka: ba roƙo, ba liƙi, ba a wasa kowa komai kuɗin ubanshi. Kuma duk wanda ya yi waƙa shi zai wanke kofuna. Na ce ai a wajenmu makaɗi ake ba, ba shi ake sa aiki ba. Malam Garba ya yi dariya ya ce, "Don kada kai ya kumbura. Ka gama ana tafa maka, ka tsuguna gaban baho."

Ya ce sau biyu ana rufe ɗakin bayan ya bar makaranta. Sau ɗaya risho ya kama labule, sau ɗaya ɗalibai sunka yi bore anka kori kowa gida. Duka an dawo an buɗe. Na ji daɗi, na tura mashi butar gabanshi na ce to ga kayanshi, ya ce ya karɓa. Ya mai do mani ita da tafin hannunshi a hankali. Ya ce, "Yaro, ranar da na ba da mabuɗi na fita daga cikinta. Ba tawa ba ce. In na ce na karɓa na ci haram."

Haka na dawo da ita a kai.

Jita kuma anka ce wata Anti Rifkatu ce ta kawo ta, tana ɗinki a Sabon Gari. Ban taɓa shiga Sabon Gari ba, na ji yaruka iri-iri har na zaci na bar ƙasar. Shagonta ƙarami ne, keken ɗinki biyu da yarinya mai guga. Ta karɓi jitar ta ɗora kan cinya, ta murɗa kunnuwanta ɗaya bayan ɗaya, ta ce, "Wa ya bar ta cikin rana haka?" Na ce ni ne, ban san ba ta son rana ba.

Ita ce mace ta farko da ta riƙe mabuɗi. Ta ce maza sun yi yaji, Alhamis da yawa ita da ƙawayenta kaɗai ke shan shayinsu, har yunwa ta dawo da su ɗaya ɗaya suna sosa ƙeya. Jitar ta wanta ce da ya rasu, da ita yake kiɗa a coci. Kalangu kuma na wani ɗalibi ne ɗan gidan makaɗan mahauta, wanda ke ɓoye wa 'yan ajinsu sana'ar gidansu. A Rumfar ya fara rataya shi gaban mutane. Ta ce a zamaninta anka fara haɗa kalangu da jita waƙa ɗaya, anka yi ta gardama, wasu sun ce an ɓata wannan, wasu sun ce an ɓata wancan, amma baranda ba ta ɗaukar mutane ranar.

Sannan ta gaya mani yadda ake ba da mabuɗi, abin da Malam Garba ya manta bai faɗa ba. Mai fita ya zaɓi wanda ke da sauran shekaru gaba a makaranta. Ya zuba mashi gahawa ba sukari. Ya ba shi labarin ɗakin tun daga farko har zuwa kanshi. Ya sa mashi mabuɗi a tafin hannu ya ce, "Ba naka ba ne." Mai karɓa ya ce, "Na riƙe wa na baya." Shi ke nan. Ta miƙo mani jitar ta ce, "Ƙanena, masu kayan nan ba su zo ba tukuna. Wasunsu ma suna firamare suna cin ƙasa."

Yaya, maganar nan ta hana ni cin abinci. A Bilbis ko kaza ce tana da mai ita. Ko kukar bakin hanya an san gonar wa take. Ta yaya zan mai da kaya ga mutanen da ba su zo ba? Wa zai ce mani ya karɓa? Kai da ka yi karatu, da ka san haka abin yake, mi ya sa ba ka ce mana ko kalma ɗaya ba, ko lokacin da kake kwance kana iya magana?

Ka yafe mani, ba faɗa nake maka ba.

Akwai abin da ta faɗa da zan fita. Ta ce ta kan leƙa Rumfar wata Alhamis, ta gan ka. Wai kana waƙa. Na ce ko dai wani ne, don Lawalinmu ko a gona ana kiɗan gayya bakinshi a rufe yake. Ta ce kai ne, siriri mai tsage a goshi, kana rufe ido in za ka fara, kuma kai ka fi kowa daɗewa gaban baho don sai ka goge kowane kofi ciki da baya. Na tambayi Bulus, ya ce gaskiya ne, waƙar noma kake yi, wai har da sunana ciki. Na ce ya rera mani. Ya gwada, ya tsaya, ya ce muryar ta ɓace mashi.

Ashe kana waƙa, Yaya. Shekara nawa muna kwana ɗaki ɗaya ban sani ba.

Na aika wa Liman saƙo ta bakin direban garinmu. Amsa ta dawo, wai in masu kaya suna da yawa a ba wakilinsu. To wakilin kai ne, kuma kai kaɗai ke iya naɗa na bayanka. Na ce da Bulus shi ya karɓa mana. Ya ce, "Ni fita zan yi. Mai fita ba ya karɓa." Na ce ko don Inna. Ya juya baya ya ce in ya yi haka, ranar da ya hau mota kayan sun zama marayu, kuma kai ba za ka so ba.

Sai ya ce hanya ɗaya ta rage, mu nemo sabon ɗalibin da zai so wurin. Amma ba a son abin da ba a gani ba. Don haka munka fara fitar da kayan ranar Alhamis, ƙarƙashin dogon yaro, gaban ƙofar da ke kulle. Kananzir ya yi wuya, sai na ajiye risho na hura gawayi. Gahawa na dafa ta yadda Malam Garba ya kwatanta, ta farko ko ni ban iya haɗiye ta ba.

Mutane sun zo, amma don shayi sunka zo. Su sha a tsaye su ce an gode su wuce. Bulus na taɓa jita a hankali, kalangu na rataye a reshe ba mai taɓa shi. Lasifika ko fito da ita ba mu yi ba. Wata rana wasu ɗalibai sunka zo da ladabi, sunka yi sallama, sunka ce kiɗa bai dace da wurin karatu ba, kuma gari ya fara canzawa, gara mu bari tun da girma. Na zuba masu shayi, ɗaya ya sha, sauran ba su sha ba. Maigadi kuma kullum sai ya zo ya ce, "Ku yi ku kwashe kafin manya su fito, kada ku ja mani."

Ana haka hadari ya fara haɗuwa ta gabas. Duk zuwan direba saƙon Inna ɗaya ne: an karɓa? Na baya-bayan nan ya ƙara da cewa maƙwabta sun gama sharar gona, tamu ce kaɗai ke tsaye da karan bara. Ya ce Inna ta rame. Wai ba ta barci sosai, tana cewa tana ganinka da kaya a kai kana neman inda za ka sauke.

Cikin masu zuwa akwai wata yarinya 'yar ajin farko, Balkisu, daga wajen Bungudu. Ba ta magana. Ta karɓi kofinta ta zauna can kan saiwa, sai an tashi ta tashi. Wata Alhamis na juya na gan ta tsugune gaban baho tana wanke kofuna. Bulus ya ce, "Hajiya, a nan sai wanda ya yi waƙa ke wanki." Ta ce, "To ai sai in biya." Hannunta cikin ruwan sabulu ta yi wata 'yar waƙar gaɗa ta garinsu, murya ƙasa-ƙasa, ba ta ɗago kai ba. Mutum huɗu ko biyar ne a wurin. Ita ce waƙar farko da na ji an yi a Rumfarku, kuma a waje anka yi ta.

Bulus ya yi mata maganar riƙe mabuɗi daga baya. Ta ce a ba ta lokaci. Ta ce babanta bai san tana zama inda ake kiɗa ba, ƙawayenta sun ce za ta ja wa kanta suna, kuma ita ba ta san ko za a taɓa buɗe ɗakin ba. Munka ce gaskiya ne, mu ma ba mu sani ba. Alhamis ta zagayo ba ta zo ba. Na ce shi ke nan. Ta bayanta sai ga ta.

Jiya ke nan.

Kai ya kamata ka zuba gahawar, Yaya. Ni na zuba a madadinka, ni da ko ɗalibi ban zama ba. Ta kurɓa ta yamutsa fuska amma ta shanye. Na ba ta labari yadda na tsinto shi a Bungudu da Sabon Gari, ina yi ina mantuwa ina komawa baya. Akwai masu mabuɗi da yawa a tsakiya da ban san ko sunansu ba, na ce mata akwai su dai. Da na iso kanka sai na ga ban san komai ba. Na san ka a gona, na san ka a kan tabarmar ciwo, ban san ka a nan ba. Bulus ne ya ƙarasa.

Kafin in sa mata mabuɗin na roƙe ta. Na ce don girman Allah ta ce ta karɓa, kalmar nan kaɗai, uwa ce ke jira. Ta kalli Bulus, ta kalli ƙofar da sabon kwadonta, ta kalle ni. Ta ce, "Malam Sani, in na ce na karɓa na yi maka ƙarya, kai kuma ka ɗauki ƙarya ka kai wa Inna." Na sa mata mabuɗin a tafin hannu. Na ce abin da ake cewa, ba naki ba ne. Ta rufe hannunta kan mabuɗin da bai buɗe komai, ta ce, "Na riƙe wa na baya."

Buta da risho da kofuna da kalangu suna ƙarƙashin gadonta yanzu. Jita da lasifika Anti Rifkatu ta yarda su zauna a shagonta, ta ce ajiya ce, Balkisu na aikowa za ta bayar. Ba wanda ya yi mani alkawarin komai. Wataƙila Alhamis mai zuwa a hura wuta ƙarƙashin dogon yaro, wataƙila ba a ƙara hurawa. Bulus ya gama jarabawarshi, jibi zai tafi Zuru, ban san ko zan sake ganinshi ba.

Ni gobe da safe zan hau motar gida, an yi ruwan farko. Na san Inna na zaune bakin zaure, kuma na san abin da za ta tambaya tun ban sauke jaka ba. Ba zan ce mata an karɓa ba. Zan ce mata an riƙe, in gaya mata sunan yarinyar. In ta ce in koma, sai bayan shuka. In Liman ya ce bai isa ba, ban san kuma inda zan nufa ba, don na je duk inda ƙafata ta sani.

Ban sani ba ko ka ji sauƙi jiya da la'asar. Na so a ce akwai yadda za ka gaya mani.

Allah ya jiƙan ka, Yaya Lawali. Allah ya yalwata maka kabari, ya haskaka shi, ya haɗa ka da Baba cikin rahama. Allah ya ba Inna barci. Allah ya tsare yarinyar nan da bakin mutane, ya kawo masu kayan da ba su zo ba tukuna. Ya Allah, Lawali bai ci amana ba, tsarewa ya yi, mu munka raba ba da sani ba. In akwai sauran nauyi a wuyanshi, ka sauke mashi ka ɗora a nawa. Ni ina da rai, ina da ƙafa, zan iya ci gaba da yawo da shi.

Ka huta lafiya.

Ƙanenka,
Sani